Jakar Goyon Mai Hoto: Yadda Za Ka Sayi Ƙarama Ba Tare Da Girmanka Ya Zube Ba

Duk mai ɗaukar hoton da kuɗin biki suka fara zama a aljihunsa, abu uku ne ke hana shi barci: sabuwar kyamara, dogon lens, da jakar da zai goya su. Biyun farko aljihu ne ke yanke hukunci a kansu, don haka babu ruwanmu. A kan ta ukun ne mutum ke da ta cewa, kuma a nan ne halin ɗan sana'a ke fitowa fili. Sai ka ga yaro siriri, kyamararsa ɗaya, batirinsa ɗaya da wani mai cutar farfaɗiya, amma ya goyo jakar da in aka naɗe shi aka sa a ciki zif zai rufu lafiya lau. Ka tambaye shi dalili, ya ce maka tanadi yake yi don kayan da zai saya nan gaba. Allah ya kawo kayan. Kafin su iso dai, ga 'yan shawarwari ga wanda ya haƙura zai sayi ƙarama.

Kafin ka doshi kasuwa, shimfiɗa tabarma ka baje duk abin da kake kira kayan aiki. Sannan ka ji tsoron Allah, ka ware waɗanda suka taɓa fitowa daga jaka a wurin aiki. Filashar da ta mutu tun damina waccan, wadda kake yawo da ita don a ga kana da biyu, a mayar da ita ƙarƙashin gado. Cajar wayar da ka sayar, murfin lens ɗin da aka sace, da wayoyin da kai kanka ba ka san bakin da suke shiga ba, duk su bi ta. Abin da ya rage, galibi kyamara ɗaya, lens biyu, filasha, batura da katunan memori, shi ne za a yi wa ɗaki. Ka kwashe su ka tafi da su shagon, domin babu mai jakar da zai ce maka jakarsa ba za ta ɗauka ba. Ko injin markaɗe ka ce za ka saka, zai ce: "Alhaji, har da gurbin man fetur tana da shi." An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, a sha'anin jaka kam, ido maƙaryaci ne. Saka kayan, ja zif, sannan a yi maganar kuɗi.

Kada ka firgita in ka ji ana auna jaka da lita, ba man gyaɗa za ka zuba ba. Haka masu ƙera ta suke lissafin cikinta. Kamfanin Peak Design na Amurka, alal misali, yana yin fitacciyar jakarsa ta goyo a lita 20 da lita 30. Wadda ake kira ƙarama takan kama daga wajen lita 10 zuwa 20. In ka haura haka, ka bar sahun masu hoto ka shiga na masu ƙaura.

Ga lissafin da ya kamata ya sanyaya maka gwiwa. Canon 5D Mark IV da batirinta ta kusa giram 900. Dogon lens ɗin nan na 70-200 mai f/2.8, wanda kowane mai hoton biki ke mafarkinsa, ya kai wajen kilo ɗaya da rabi shi kaɗai. Ɗan'uwansa 24-70 yana kusan giram 800. Ƙara filasha da baturanta, ƙara kwamfutar cinya, ƙara nauyin jakar kanta, wadda ko babu komai a ciki takan haura kilo ɗaya. Kafin ka ce kwabo ka doshi kilo 7. Wannan kaya za ka goya tun daga ɗaurin aure da hantsi, ka bi ayarin ango gidan surukai, ka tsaya wurin kamu, ka ƙare a wurin dina inda amarya ba za ta iso ba sai bayan isha'i da nisa. Babbar jaka ba ta zama wofi, kullum sai ta sami abin da za ta haɗiye, kuma ƙashin bayanka ne zai biya kuɗin. Ƙaramar kuwa ita ce take ce maka a'a a lokacin da zuciyarka ta kasa.

Buɗe cikinta ka duba katangun soson da suka raba ta ɗaki-ɗaki. Nagari su ne masu ciruwa a sake musu wuri, masu manne da abin nan mai ƙara da ake kira Velcro. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, George de Mestral, shi ya ƙago shi bayan ya lura a 1941 da yadda 'ya'yan wata ciyawa suke maƙale wa tufafinsa da gashin karensa. Wato dai abin da ƙarangiya ta daɗe tana yi wa wandunanmu kyauta, shi wani ya mayar dukiya, mu kuwa muna tsaki muna cirewa. Matsa soson da yatsa. In yatsunka biyu suka gaisa ta cikinsa, lens biyu ma za su gaisa, kuma gaisuwarsu tana da tsada. Ka fi mai da hankali ga gindin jakar, domin shi ke shan dukan ƙasa duk lokacin da ka dire ta, shi ne kuma ke karɓar rabonsa idan ɗan adaidaita sahu ya ga rami ya ƙara wuta. Kowane kaya ya zauna daram a ɗakinsa. Girgiza jakar a kusa da kunnenka. In ka ji ƙwaram-ƙwaram, ajiye musu abinsu.

Yanzu ga babbar magana, wato ta ina jakar take buɗewa. Akwai mai buɗewa ta waje, akwai ta gefe, akwai kuma wadda zif ɗinta yake ta ɓangaren da ke manne da bayanka. Mai buɗewa ta waje ita ce abar ƙaunar 'yan sane, kuma suna yi wa masu sayenta addu'ar alheri. Ɗauki ranar Hawan Daushe a Kano, hawan da tun 2024 hukumar UNESCO ta sa bikinsa cikin jerin al'adun gado na duniya. Kana Ƙofar Kudu, jama'a ta cika maƙil, 'yan bindiga sun saki harbi, dawakai sun taso, idonka ɗaya a rufe ɗaya a cikin kyamara. A wannan lokacin ko tiyata aka yi wa jakarka ba za ka ji ba. Sai ka koma gida da hoton hakimi mai kyau, babu lens ɗin da za ka ɗauki na gobe. Wadda ke buɗewa ta jikin bayanka kuwa, sai an sauke ta kafin a kai ga kayan. Aibinta ɗaya, kai ma sai ka sauke ta kafin ka ɗauki abu, kuma doki ba ya jiran mai canza lens. Shi ya sa masu wayo suke neman mai haɗa biyu: babbar ƙofa ta baya, da 'yar taga a gefe wadda za ka zame igiya ɗaya, ka juyo da jakar ƙirjinka, ka zaro kyamara ba tare da ta taɓa ƙasa ba. Sai dai ka duba ta wane gefe tagar take. Bahago da ya sayi ta na-dama zai shekara yana rawa a bainar jama'a ba tare da kiɗa ba.

In cunkoso ya yi cunkoso, goya ta a gaba. Za a yi maka dariya, amma da kayanka za ka kwana.

Kada kuma ka sayi jakar da ta fi ka kyau. Wadda aka rubuta sunan kamfanin kyamara ɓaro-ɓaro a bayanta, sanarwa ce kake yi wa unguwa cewa ga dukiya tana tafiya da ƙafa. Nemi mai kama da ta ɗan makarantar da bai biya kuɗin jarrabawa ba. Launin toka ko ruwan ƙasa ya fi baƙa wuluk, domin baƙi yana shan rana, kuma wanda ya san watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke haura digiri 40, ya san batir da kyamara ba sa son gashi. Kada ka bar ta a cikin mota a rufe da tsakar rana, ko da jakar ta Makka ce.

Masu ƙera jakunkunan nan ruwan sama da ƙanƙara suka fi tunani, mu kuwa babban abokin gabarmu ƙura ce. Da hunturu iska takan kwaso ta tun daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ta ratso ɗaruruwan kilomitoci, ba don komai ba sai don ta zauna a cikin kyamararka ta fito a goshin amarya a kowane hoto. Saboda haka nemi jaka mai leɓe a kan zif, kuma ka guji mai aljihunan raga da yawa a waje, matattarar ƙura ce. Yawancin nagari suna zuwa da rigar ruwa a ɓoye a gindinsu. Zaro ta ka gani da idonka, kada ka yarda da "tana ciki". Rigar nan tana aiki sau biyu: da damina ta tare ruwa, da hunturu ta tare ƙura a kan babur. In kuma Argungu za ka, wurin kamun kifi, ka sani jakar da aka ce ba ta jin yayyafi ba a ce ta iya iyo ba.

Damina tana da nata sharrin a ɓoye. Laima in ta kwanta a cikin jaka, funfuna takan tsiro a cikin gilashin lens, ta yi saƙa, wani lokaci ta ci shafen gilashin har ya ƙi gyaruwa. 'Yan ƙullin nan masu ƙwayoyi farare da ake samu a kwalin sabon takalmi, waɗanda aka rubuta kada a ci, aikinsu shan laima. Daina zubar da su, jefa 'yan kaɗan a jaka, kuma ka riƙa canza su don suna ƙoshi. Jaka abar tafiya ce, in ka dawo gida ka fito da kaya su sha iska. Haka kuma in ka fito daga ɗakin taro mai sanyin na'ura zuwa waje mai zafi da laima, bar kyamara a cikin jaka na ɗan lokaci, in ba haka ba gilashi zai yi raɓa, ango ya fito a hoto cikin hazo.

Igiyoyin kafaɗa su zama masu faɗi da soso, bayan jakar kuma ya zama mai raga da hanyar iska, don kada ka isa wurin walima da taswirar gumi a bayan shadda. Maɗaurin ƙugu yana sauke nauyi daga kafaɗa zuwa kwatangwalo. Dabarar masu hawan dutse ce. Greg Lowe, wanda jakunkunan Lowepro suka samo suna daga gare shi, a jihar Kolorado ya ƙera jakar goyo mai ƙarfe a ciki a 1967 don masu hawan tsaunuka. Kai da iyakar hawanka Dutsen Dala, siririn maɗauri ma ya ishe ka, amma ka gwada ko zai zagaye tumbin. Maganar babbar riga kuwa a bar ta: ita da jakar goyo ba sa zama inuwa ɗaya, sai ka zaɓi ko kai ɗan gayya ne ko ma'aikaci. Ke kuma 'yar'uwa mai ɗaukar hoton lalle da kamu a cikin gida, inda maza ba sa shiga, gwada jakar a kan mayafi ko hijabin da kike fita aiki da shi, ki tabbata maɗaurin ƙirji yana hawa da sauka, don yawanci da awon maza ake yanka su.

Zif shi ne ran jaka. Duba kansa ko za ka ga YKK, kamfanin Japan da ke wannan sana'a tun 1934, ko da yake masu jabu ma sun iya rubuta haruffa uku. Ja shi sama da ƙasa har mai shago ya fara ɓata rai. Araha ba ta ado, kuma abin kunya ne mutum ya zuba kayan miliyoyi a jakar kuɗin tsire. Amma tsada ma ba shaida ba ce. Jakar asali ta gwanjo, in ka dace da ita a irin su kasuwar Ƙofar Wambai, takan binne sabuwar jabu guda uku. Sai dai ka sansana cikinta. In kana jin warin laima, funfunar wani za ka saya da kuɗinka. Ɗinkin da ya saki kuwa, baduku zai gyara.

In jirgi kake hawa, ƙaramar jaka tana shiga tare da kai, kuma kamfanoni da yawa kilo 7 suke yarda da shi a hannu. Baturan ajiya dole a hannu za su tafi, doka ta hana zuba su a kayan da ake aunawa. Sandar kyamara mai ƙafa uku a ɗaure ta a gefe, ka kuma tuna da ita kafin ka juya a cikin jama'a, don fuskokin mutane suna nan a daidai tsayinta.

Akwai wata fa'idar da babu kamfanin da ke rubutawa a takardarsa. Mai babbar jaka a gidan biki shi ne ma'ajin dangi. Gwaggo za ta ce: "Ɗan nan, ajiye min takalmin nan." Ƙawar amarya ta miƙo waya da caja. Uwar biki, don ƙauna, ta ɗura maka alkaki da dubulan a ɗakin dogon lens, wani ya ƙara da kilishi yana naso, yaro ya cusa ledar zoɓo da bai ƙulle ba. Ba ka da bakin musu, don duk manyanka ne. Mai ƙaramar jaka kuwa buɗewa kawai zai yi, ya langaɓar da kai ya ce: "Wallahi Gwaggo kin gani, ko allura ba ta da wuri." Ya fita da mutuncinsa, kyamararsa kuma ba ta ƙamshin man gyaɗa.

Saboda haka ranar da za ka saya, tafi da kayanka da rigar aikinka. Loda jakar, goya ta, yi tsalle, durƙusa, zagaya layin shagunan har a fara tambayar ko lafiya. In kafaɗa ba ta yi ƙorafi ba, kuma babu abin da ya yi ƙara a ciki, taya rabin kuɗin da aka faɗa, ka juya kamar za ka tafi.