Mutanen Mubi Tsakanin Filaza da Rumfa

Tun da Mubi ta farfaɗo daga mamayar da aka yi mata a 2014, benaye masu shagunan gilashi suke ta tsirowa a bakin titi, su kuwa mutanen kasuwa sun rabu iri-iri.

Akwai Alhajin rumfa, wanda ya rantse ba inda za shi. Ka ce masa a filaza akwai na'urar sanyi, sai ya gyara zama a kan buhu ya ce, "To ɗana, tana ba da bashi zuwa ƙarshen wata?" Gaskiyarsa kuwa. Rabin ma'aikatan unguwa suna cikin littafinsa, wasu tun da sunan iyayensu. Kujerar baƙi ɗaya gare shi, amma a kanta ake sulhun aure, ake kuma jin farashin masara kafin rediyo ya faɗa.

Ƙanensa shi ne ɗan zamani. Ya kai shanu tike ya sayar, ya kama shago a hawa na biyu, ya sa allo da Turanci. Yanzu yini yake yana lissafin haya da man janareta, yana leƙen masu Keke ta taga. Da la'asar, a ɓoye, yaronsa ke tura kayan a baro zuwa rumfar yayan.

Hajiya mai bincike fa? Takan shiga filaza ta sha sanyi, ta shafa atamfa, ta karanta farashi, ta ce za ta dawo. Ba ta taɓa dawowa ba. Kasuwa take nufa, ta taya rabin kuɗin, har da rantsuwar cewa a sama ma haka aka bar mata.

Ɗaliban Poli da na jami'ar jiha su hoto ya kawo su filaza. Lemo ɗaya, mutum biyar.

Baƙon da ya tsallako daga Kamaru da sefa a aljihu, ya ga farashi manne a jikin kaya, sai ransa ya ɓaci. Ciniki ba gardama, ba Fulatanci, ba "albarka"? Ya juya.

Mai POS kaɗai ne ba ruwansa. Ya kafa lemarsa daidai tsakani, kowa ya wuce sai ya bar masa naira ɗari, in kuma kuɗin suka maƙale ya ɗaga kai ya ce sabis ne.