Farin Dokin Kakana

A gidanmu da ke Sakkwato babu yaron da aka yaye bai san labarin farin doki ba. Wai kakana na wajen uba mutumin Tabotaki ne a ƙasar Adar, kuma a zamanin aikin dole na Faransawa wani kumandan ya ɗaga masa murya a bainar jama'a. Shi kuwa ya shara masa mari, ya haye farin dokinsa, bai ja linzami ba sai Sakkwato. Ina yaro marin ɗaya ne. Kafin in yi aure ya zama biyu. A bakin Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda bai haɗa ko ɗigon jini da kakan nan ba, har hular kumandan sai da ta faɗi ƙasa ta yi birgima.

Ni malamin tarihi ne a makarantar sakandare, don haka na ga bai kamata 'ya'yana su tashi ba su taka ƙasar da aka yi wannan jarumtaka ba. Da hutun hunturu ya zo, shekarun baya kafin a fara wasan rufe iyaka da buɗewa, na tara iyali na ce kowa ya shirya, ƙasar waje za mu. Uwargida ba ta tambayi wace ƙasa ba sai da ta gama sanar da maƙwabta. Ranar da ta ji Nijar ce, kuma a motata, ta dube ni ta ce, "Malam, Allah ya saka da alheri." Mai aure ya san akwai addu'ar da ba addu'a ba ce.

Muka cika mota da asuba: ni da uwargida da yara uku, sai Kawu wanda ya ce ya yi fataucin albasa a yankin kuma ya san kowane dutse da sunansa, sai Inna, mahaifiyata. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta faɗin sunana, ba ta kuma yi mini magana kai tsaye in da mutane. Duk saƙonta ta bakin jikoki yake bi. Ba mu bar unguwa ba ta ce, "Ku ce wa ubanku ya rage gudu."

Daga Sakkwato zuwa Illela kilomita 80 ne da ɗoriya. A bakin iyaka na fito da takarduna cikin jakar leda, na karɓi lesefase na mota, na nuna katin inshorar ECOWAS, aka ɗaga mana igiya. Mun ɗan taɓa tafiya auta ya ce, "Baba, yaushe za mu kai ƙasar wajen?" Na ce ai mun shigo. Ya leƙa ta taga ya ga mai fura, ya ga almajirai, ya ga akuya tana cin kwali. Ya yi shiru can ya ce, "Wannan akuyar ma ta ƙasar waje ce?"

A Birnin Ƙonni na buɗe darasi. Na ba su labarin 1899, shekarar da rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa garin ta yi ɓarnar da har Faransa kanta ta ji kunya. Muka wuce Tsarnawa, inda hanyar Tawa ta rabu, muka wuce Malbaza da masana'antar simintinta. Da muka doshi Galmi na ɗaga murya na ce a wannan yanki ne Maratta take, inda aka haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754. Na duba madubi in ga yadda maganar ta ratsa su. Kowa barci yake, baki buɗe, ban da Inna da ke jan carbi. Ta ce, "Allah ya ba mu albarkacinsa. Ku ce wa ubanku ya dubi hanya." Babu wanda zai isar da saƙon, amma ya iso.

Warin albasa ne ya ta da Kawu. Galmi ke nan, garin da jar albasarsa ta yi suna har Abijan da Ankara, buhuna jibge a bakin titi sun fi mutum tsawo. Kawu ya ce wanda ya wuce Galmi bai sayi albasa ba asararre ne. Na ce mu bari sai dawowa. Ya ce kafin mu dawo ta yi tsada, shi ya san kasuwar. Aka danna manyan buhuna biyu a but, bayan mota ya zauna, gabanta ya ɗaga yana kallon sama. Ina so a rubuta wannan a ajiye, domin duk abin da ya biyo baya daga nan ya samo asali, ba daga tuƙina ba.

A Madawa muka tsaya sayen kilishi, uwargida kuma ta hango tabarmin kaba masu launi waɗanda garin ya shahara da su. Nan lissafi ya tsaya mini a wuya. Mutanen Nijar da dala suke ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa 5, dala 200 jikka guda, wato sefa 1,000. In mai kilishi ya faɗi farashi sai ka ninka biyar ka ga abin da ke rubuce a takardar kuɗi, sannan ka juya shi zuwa naira ka san ko za ka yi kuka. Ina tsaye ina motsa leɓe, babbar 'yata ta zare kuɗin daga hannuna ta biya, ta karɓi canji, ta ƙirga, ta ce wa mutumin saura dala goma. Ya miƙo yana dariya, ya ce, "Alhaji, wagga ɗiya ita ad da ciniki."

Daga Madawa muka bar babbar hanya muka yi arewa, ƙasa ta fara canzawa. Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba zai gane Adar ba sai ya gani: tudu mai faɗi da baƙin dutse barbaje a kansa, sai ya yanke kwatsam ka hango kwari a ƙasa, kore shar da lambunan albasa. A ƙasar Buza kwarin Majiya yake, inda tun 1975 aka fara dasa dogon yaro layi-layi tare da ƙungiyar CARE don kare gonaki daga iska. Na so in yi bayani, amma allurar zafin inji ta riga ni magana.

A tsakiyar wani hawa kusa da Buza motar ta yi tari, ta tsaya, ta fara tunanin komawa Madawa da baya. Na take birki na yi ihu a sa dutse. Wannan kaɗai ne abin da ba a wahalar nemansa a Adar. Yara suka dira suka tokare tayoyi, tururi na tashi daga gaba. Na ce kowa ya sauka a rage nauyi. Kowa ya sauka ban da Inna. Ta ce, "Ku ce wa ubanku ni ba kaya ba ce. Ya sauke albasa." Kawu ya ce albasa ba ta sauka a rana.

Muna nan muna ɗura wa lagireto ruwan buta, wani dattijo ya zo a kan jaki, ƙafafunsa na reto. Ya ce, "Sannunku da hutawa." Jakin ya ɗan karkato kai ya dube ni, ya ci gaba da hawa bai ko yi haki ba. A lokacin ban ɗauki kallon da wata ma'ana ba.

Bayan Buza Kawu ya ce akwai yanke. Na tambaye shi yaushe rabonsa da hanyar, ya ce zamanin Seyni Kountché. Mutumin nan ya rasu tun 1987, amma rana ta yi yamma, kuma Kawu ya rantse. Yanken ya kai mu cikin busasshiyar ƙorama, tayoyi suka nutse a yashi har gindi. Na ba da wuta, suka ƙara shigewa. Uwargida ta shimfiɗa sabuwar tabarmarta a ƙarƙashin wata ƙaya, ta buɗe kilishi, ta ce in mun gama a tashe ta.

Samari ne suka fito daga wani ƙauye da shanun huɗa biyu da igiya. Suna tono suna hira, sai na ji ashe wannan bai daɗe da dawowa daga Abijan ba, wancan ya yi shekaru a Libiya, na ukun yana shirin komawa Kamaru. Haka Adar take: da an gama girbi maza sun fita ci-rani, sai damina ta kusa su dawo. Ɗayansu ya kwanta ya leƙa ƙarƙashin motar, ya faɗi ciwonta da Faransanci, ya ɗaure wani abu da waya. Uwargida daga kan tabarma ta ce, "Yara, ku zo ku gaisa da mutanen da suka je ƙasar waje." Shanu suka ja, mota ta fito. Na miƙa musu kuɗi suka ƙi, sai da Inna ta ba su goro suka karɓa hannu biyu.

Bayan magariba muka shiga Tabotaki, fitila ɗaya na ci. Na faɗi sunan kakana da na ubansa, aka yi ta miƙa mu daga wannan zaure zuwa wancan, har aka kai mu gidan wani tsoho tukuf. Ashe ɗan ƙanwar kakana ne, wato taubashin mahaifina. Ya riƙe hannuna ya ƙi saki, ya yi hawaye, ya sa aka kawo fura da nono mai kauri, aka yanka zabi. Gaskiya ban taɓa samun tarba irin wannan ba, kuma na kwanta ina jin cewa jinin sarauta ba ya ɓuya.

Da safe dattawa suka taru a ƙofar gida. Na sa babbar riga, na zaunar da yara a gaba, na gyara murya na ba da labarin doki tun daga farko. Saboda girman wurin na yi amfani da ruwayar Kawu, har da hula. Da na gama babu wanda ya ce uffan. Wani ya yi tari. Tsohon ya karkato kunne ya ce, "Ɗana, wane doki?"

Na ce farin.

Ya ce, "Jaka dai. Jakar ubana ce, kuma da ciki gare ta. Ya ara zai kai tabarmi kasuwar Ƙonni, ya ce kwana ukku. Mu dai har yau muna jira."

Na ce to kumandan fa?

"Kumandan na can Madawa. Wa ya taɓa ganin shi nan?"

Marin fa?

"Mari kam akwai shi. Ubana ya yi alkawarin yi mai in ya dawo. Da zai rasu ya bar min wasiyya." Ya dubi kumatuna da kyau.

Sai ya zaro carbi ya fara lissafi. Jaka tana ɗaukar ciki wajen shekara guda, a ce tana haihuwa duk bayan shekara biyu, rabin 'ya'yan mata, su ma su haihu. Dattawa na taya shi, wani na cewa a cire na shekarun yunwa, wani na cewa a'a, Sakkwato akwai dusa. Carbi ya ƙare aka aro wani. Matsalar taubashi ita ce ba ka sanin inda wasa ya tsaya. Al'ada ta ba shi damar ya tsiyata ka a gaban 'ya'yanka, kai kuma in ka yi fushi ka faɗi. Fuskar tsohon nan kuwa ko gezau.

Na tuna ni masani ne. Na yi musu bayani cewa a ilimin tarihi ba a karɓar ruwaya ɗaya sai an samu mai ƙarfafa ta, kuma alhamdu lillahi ga wadda ta zauna da marigayin a gida ɗaya. Na juya wajen Inna, wadda ke zaune a bakin ƙofa cikin mata. Ta ɗan gyara lulluɓi. Ta ce, "Ku ce wa ubanku, ni dai da aka kawo ni gidan jakai na tarar, guda huɗu. Turken doki ban gani ba."

Uwargida ta cusa fuska cikin mayafi, kafaɗunta na rawa. Kawu ya ce shi dama zancen hular nan bai taɓa kwanta masa ba.

Aka shiga sulhu. Kawu ya ba da shawarar a biya da albasa, dattawa suka yi dariya har da riƙe ciki, wai Basakkwace ya kawo wa Adar albasa. A ƙarshe tsohon ya karɓi goro da turmin atamfa da babbar rigar da ke jikina a matsayin kafin alƙalami, ya ce marin ya ɗage shi saboda idon yara. Sannan ya sa aka ɗora mana buhun gero, da cuku, da ɗan rago wanda ya yi sauran tafiyar a kan cinyar Kawu. Mun zo da nauyi, mun koma da wanda ya fi shi.

Ta Keita muka biyo don mu faɗa hanyar Tawa. A nan kam akwai abin gani: jerin duwatsu da aka shirya a jikin tuddai don tare ruwa, da itatuwa a inda da fako ne. Na ce wa yara wannan aikin Keita ne da aka fara a 1984 da kuɗin Italiya, kuma yawancin waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne, ana biyan su da abinci, domin maza suna ci-rani. Wannan karon idon kowa biyu. Babbar 'yata ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Baba, wannan da gaske ne, ko irin na doki ne?"

Tun daga shekarar tsohon bai bar ni na huta ba. Wani jikansa ya saya masa waya, kuma duk bayan girbi sai ya sa a kira ni. Mu gaisa, ya tambayi Inna, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ragon. Sai ya yi gyaran murya ya ce, "To ɗana, albishirinka."

In ce goro.

Ya ce, "Bana ma sun haihu."