Kada Ka Sayar da Gingimarin Kawu

Nazare, ƙasar Fotugal

Zuwa ga taubashina, sarkin 'yan zaman inuwa na Furfuri,

Ka durƙusa ka gaishe mini da Kawu da Inna, durƙuso na sosai, kada ka yi irin naka na tsaye. Ya hunturu, ya kaka? Allah Ya zaunar mana da Zamfara lafiya. Labari ya iso ni cewa ka ƙudura sayar wa 'yan gwangwan gingimarin Kawu, tsohuwar 911 da ke ƙarƙashin darbejiya, su ɗora ta a sikeli kamar buhun waken suya, wai don tana hayaƙi kuma kaji sun mayar da ita akurki. Na san halinka, ba ka ganin abin da ya tsufa ka bar shi ba ka yi masa kuɗi ba, shi ya sa na aika a riƙa sa ido a kan Kawu shi kansa. Magana ɗaya na zo da ita: ƙura da ruwan da aka bari suka shiga inda bai kamata ba su ne ke kashe inji tun kafin shekaru su kai gare shi, kuma wanda ya iya toshe musu ƙofa zai ci moriyar tsohon ƙarfe har jikokinsa. Hujjata zan ɗauko ta daga wurin da ba ka zata ba, wato masu ɗaukar hoto a bakin tekun garin nan.

Bahaushe yana kiran igiyar teku raƙuman ruwa. To mutanen nan sun ɗauki maganar da gaske, hawan raƙuman suke yi. Mutum zai tsaya a kan allo, babur ɗin ruwa ya ja shi ya sake shi a kan tozon, ya gangaro ruwa na bin sa kamar bashi. Nazare ƙaramin garin masunta ne a arewacin Lisbon, amma a ƙarƙashin tekunsa akwai wani kwazazzabo mai tsawon kimanin kilomita 230, zurfinsa a wani wuri ya kai mita 5,000, shi ke tattaro ƙarfin ruwa ya cillo shi gaɓar da ake kira Praia do Norte. Daga Oktoba zuwa Maris, daidai lokacin da hunturu ke fasa maka leɓe, ake samun manyan raƙuman. A Nuwamban 2011 wani Ba'amurke, Garrett McNamara, ya hau mai tsayin kusan mita 24, sunan garin ya zagaye duniya. Ranar 29 ga Oktoban 2020 wani Bajamushe, Sebastian Steudtner, ya hau mai mita 26.21. Kai da ko Gulbin Sakkwato ya kawo a Gusau sai ka canja hanya, na san ka riga ka fara karanta addu'a. Abin lura shi ne, babu mai shiga ruwan nan da igiyar awo. Daga hoto ake auna raƙumin, a gwada tsayin mahayin da tsayin ruwan da ke bayansa. In kyamara ta gaza a wannan daƙiƙa, an yi bajinta babu shaida.

Saboda haka masu hoto ba sa wasa da kayansu. Na tudu suna jeruwa a kan dutsen da tsohuwar ganuwa da fitilar jiragen ruwa suke, kowa ya kafa kyamararsa a kan ƙafa uku kamar tukunya a murhu. Dogon idon da suke ɗaura mata, mai milimita 600, na manyan kamfanoni irin su Canon da Nikon da Sony, ya haura dala 12,000, kuɗin da in ka juya shi zuwa naira sai ka nemi ruwan sha. Ana saita kyamarar ta buɗe ido ta rufe cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa ko ƙasa da haka, don feshin ruwa ya tsaya cak a hoto. Duk da wannan tsada, abokin gabarsu arha ne, wato gishiri. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da kimanin giram 35 na gishiri, iska na kwaso shi ta shafa wa gilashi da ƙarfe, in ya kwana ya fara ci. Shi ya sa suke lulluɓe kyamara da riga, ba sa canja mata ido a cikin iska, in sun koma gida su goge ta kafin su ci abinci.

Na cikin ruwa kuwa, a gaɓoɓin da raƙuman ba su kai waɗannan girma ba, su ne malamanka na gaskiya. Suna sa kyamara a cikin akwati mai fuskar gilashi, su ɗaure shi a hannu, su sa hular kwano da takalmin roba irin ƙafar agwagwa. Abin da ke raba dukiyar nan da teku wani siririn zoben roba ne da ke kwance a bakin murfin akwatin, kuɗinsa bai kai na farantin shinkafa ba. Kafin a shiga ruwa sai a zare shi, a duba shi a haske, a shafa masa ɗan mai, domin ƙwayar yashi ɗaya ko silin gashi ɗaya in ya gitta a kansa ya isa ruwa ya shiga ya kashe komai. Sukan jefa ɗan ƙullin abin tsotse laima a ciki don kada gilashi ya yi hazo, in an fito a jiƙa akwatin a ruwan daɗi. Akwai kuma sirrin da zai yi maka daɗi: don kada ɗigon ruwa ya maƙale a gilashi ya ɓata hoto, lasarsa suke yi. Ƙato da gemunsa, da kayan miliyoyi a hannu, yana lasar gilashi kamar yaro ya samu murfin kwanon zuma, kuma yana da gaskiya, domin yawu na sa ruwa ya kwanta shimfiɗe. Kada ka raina zoben roba. Ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon Challenger na Amurka ya tarwatse da mutum bakwai, bincike ya gano zoben roba ne sanyi ya sandarar ya kasa toshe inda aka sa shi. Magabata sun riga sun faɗa, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Yanzu mu dawo gindin darbejiya. Abin da gishiri yake ga kyamara, shi ƙurar hunturu take ga gingimari. Injin da ke cikinta, OM 352 na Mercedes, wanda aka fara ƙerawa a 1964, silinda shida gare shi, cikinsa lita 5.7. Injin gas ba shi da fulogi. Iska yake zuƙa ya matse ta kusan ninki 17 har ta yi zafin da man da nozul ya fesa zai kama da kansa, don haka ƙarfinsa duka yana ga matsewar nan. Yi lissafi, in ka iya: in yana juyi 2,000 a minti, yana shaƙar iska wajen lita 5,700 a kowane minti. Ka tuna irin iskar da ke kan hanyoyin ƙauye a watan Janairu, ja wur. In matatar iska ta huje ko robar bututunta ta tsage, ƙurar nan za ta shiga ta haɗu da baƙin mai ta zama kamar dutsen wasa wuƙa, ta cinye ringi da bangon silinda. Daga nan matsewa ta ragu, mota ta ƙi tashi da safe, ta fara shan baƙin mai. Hayaƙin da kake kuka da shi bayani take yi maka. Shuɗi yana nufin baƙin mai na ƙonewa, a duba ringi. Baƙi yana nufin mai ya fi iska yawa, a duba matata da nozul. Fari mai yawa bayan inji ya yi zafi, musamman in ruwan lagireto na raguwa kuma baƙin mai ya koma kamar kunun gyaɗa, gaskit ɗin kan silinda ne ya ƙone. Duk waɗannan cututtuka ne masu magani, kuma kusan dukansu daga ƙofar da aka bari a buɗe suka shigo.

Ga yadda ya kamata a bi. A kira bakanike wanda ya san injin gas, ya auna matsewar kowace silinda kafin a kwance ko da noti ɗaya. A kai famfon mai da nozul wurin masu gwada su a kan na'ura. In an buɗe, a auna silinda da kiranshaf, wanda ya ci a kai a gyara, a sa sabbin ringi da metal da gaskit. A ɗaure notocin kan silinda bi da bi daga tsakiya zuwa gefe da sifana mai awo, kada a ba karen mota bututu ya hau da ƙafa yana kabbara. A wanke lagireto, a daina ɗura masa ruwan gulbi mai laka, a wanke tankin mai, a canja matatun mai, kuma a yi aikin a wurin da aka share aka yayyafa ruwa, a rufe injin da tsumma mai tsabta in za a tafi salla. Mai hoto ba ya buɗe kyamararsa a cikin iska, kai ma kada ka shanya fistan a kan yashi kamar kana shanya kuɓewa.

Na san abin da za ka ce, don na san bakinka. Za ka ce a sayi injin Beljiyam a ɗora, ko a haɗa kuɗi a sayi ta zamani. Injin Beljiyam cinikin biri a sama ne, an wanke bayansa yana ƙyalli, cikinsa Allah kaɗai Ya sani, alhali na Kawu an san tarihinsa tun daga ranar da ya shigo gida. Ta zamani kuwa da dala ake sayenta, kuma ka ga yadda naira ta yi tun da aka sake ta a Yunin 2023, daga ƙasa da 500 a kan dala ɗaya har ta haura 1,500 a 2024. Na yarda sabbin injuna sun fi tsimin mai da ƙarancin hayaƙi, wannan gaskiya ce. Sai dai yawancin na Turai kwamfuta ke sarrafa su, suna son man da ba shi da gauraye ko kaɗan, in suka tsaya maka tsakanin Tsafe da Kwatarkwashi sai an ɗauko mai na'ura daga birni. Ita 911 kuwa, tun farkon shekarun 1980 kamfanin ANAMMCO na Inugu ya fara haɗa motocin Mercedes a ƙasarmu, kanikawanmu sun girma a ƙarƙashinta, kuma kayanta ana nemansu a samu a Gusau, in an rasa a leƙa Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna. A hanyar da ba a son mota ta kwana a daji, wadda za a iya tayarwa da sifana ta fi kwanciyar hankali.

Za ka kuma ce gyaran tsohuwar mota rijiya ce, ana zubawa ba ta cika. Wannan yana faruwa, kuma sanadinsa sananne ne: gyaran rabi da rabi da kayan jabu. A canja ringi a bar matatar da ta huje, bayan wata uku a koma gidan jiya, a ce mota ce ba ta da albarka. Araha ba ta ado. Ban ce a rufe ido a zuba kuɗi ba, shi ya sa na sa awo a gaba. In bakanike ya nuna maka gangar injin ta tsage, ko tsatsa ta cinye kashin bayan motar, to ka sayar, ni zan fara sa maka albarka. Haka kuma in ba za a gyara birki da sitiyari da fitilu tare da injin ba, gara ta ci gaba da renon kaji, domin gingimari mai ƙarfi marar birki makami ne a kan hanya, kuma ran mutum ya fi kowace mota. Amma yanke mata hukunci saboda hayaƙi kawai, ba a auna komai ba, daidai yake da yanka saniya don ta yi tari.

Hujjarka ta ƙarshe na san ita ce ka fi ji da ita, cewa me ya haɗa masu wasan ruwa na Turai da talakan Furfuri. Ai nan ne maganata ta fi ƙarfi. Su hoto suke nema, amma sun yarda su zauna su duba zoben roba a haske kowace rana. Mu kuma abinci ne a kan motar nan. Dawa da gero da masara da auduga ba sa kai kansu kasuwa, kuma duk motar da ta mutu a gari, kuɗin dakon buhu ne ke ƙaruwa a kan manomi. Direba da karen mota da 'yan dako da bakanike duk a jikinta suke ci. In mai neman hoto ya ga ƙaramar roba ta cancanci wannan kulawa, mai neman tuwon gida ashirin ya fi shi dalili. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma da tsohuwar zuma ake magani.

Don haka ka tashi daga tabarma ka sallami kajin cikin mutunci, ƙwan da ka tarar ka kai wa Inna, kada ka soya a gareji. Ka kira bakanike ya auna, ka turo mini sakamakon da hoton kowace silinda, ka goge idon wayarka kafin ka ɗauka, lasar kuwa na yafe maka. Kuɗin ringi da gaskit da matatu suna wuyana, na aiki yana wuyanka, kuɗin sharar bana kuma za mu yi lissafinsa a gaban Kawu. Ka gaishe da matarka, ka ce ina yi mata sannu da haƙuri. Allah Ya sa mu ji ƙarar motar nan a kan hanyar Bunguɗu kafin damina ta faɗi.

Wassalam,
Taubashinka, wanda ya fi ka gaskiya.