Yadda Ake Cusa wa Mutum Waƙa Har Ya Ce Ya Gode

Shekara shida na yi ina tsaron inji a wani kamfanin roba da ke Sharaɗa, kuma in ka ɗebe ciwon baya, babu abin da na fito da shi sai ilimin cusa wa mutane waƙa. Malamai sun hana ɓoye ilimi. Don haka ga shi kyauta, ga mai sammako daga Dakata ko Gama ko Tudun Murtala ya nufi Bompai, da mai ratsa gari zuwa Sharaɗa, da 'yan'uwanmu na kamfanonin fata a Challawa, waɗanda hancinsu ya daɗe da yin ritaya, saura kunne.

Fara da sanin cewa babu wanda ya roƙe ka. Tun da nake ban taɓa ganin wanda ya tashi da asuba yana fatan a turo masa waƙa ba. Kowa da tasa a waya, kuma kowa ya gama yanke hukuncin cewa daga kanta an rufe ƙofa. Sana'arka ɗaya ke nan da mai tallar maganin basir a cikin mota: sai ka ritsa mutum inda ba shi da hanyar gudu.

Cikin kamfani ba ya daga cikin wuraren. Na taɓa kunna wa wani abokin aikina Narambaɗa a gefen injin niƙa roba, ya yi ta gyaɗa kai har minti goma, yana lumshe ido, ni kuwa ina ta murna na samu almajiri. Ashe tun a minti na biyu wayar ta mutu. Damar da ake samu a ciki guda ce, wato lokacin da aka ɗauke wuta kafin a tayar da janareta. Shiru kan sauka, kunnuwa su buɗe kamar an zare musu auduga, wanda ya riga danna waya shi ne sarkin wannan ɗan taƙin. Ka ajiye yatsanka a shirye tun farkon aiki.

Teburin mai shayi, bayan an tashi daga aikin dare, ya fi ko'ina. Amma kada ka yi gaggawa. Jira sai ka ga an fasa wa mutumin ƙwai an zuba a kasko. Ba a taɓa yin ma'aikacin da ya gudu ya bar ƙwansa a wuta saboda waƙa ba, ko da kuwa waƙar kishiyar uwarsa ce. Sai A Daidaita Sahu. A zamanin acaɓa iska ce ke kwashe rabin waƙar, amma tun da aka hana acaɓa a Kano a 2013, Allah ya haɗa mu uku uku a kujerar baya, gwiwa na gugar gwiwa. In kai ne a bakin ƙofa kuma an shiga cunkoso, to ka samu aji.

Da waƙar ta fara, kada ka kuskura ka bar shi ya saurara. Wannan shi ne kuskuren sababbin shiga. Mutumin da aka bari ya saurara zai iya samun ra'ayin kansa, kuma ba don haka ka kunna ba. Cika masa kunne da bayani. "Tsaya, tsaya, ga wurin nan tafe." In wurin ya zo, ka rufe muryar mawaƙin da taka. In ya wuce, ka ce, "Ka ji kuwa? A'a, ba ka ji ba," ka mayar da ita baya. Sau uku ne mafi ƙaranci.

Iyayenmu sun sha wuya a wannan fage, shi ya sa nake ganin sun fi mu tarbiyya. A lokacin kaset, mai son ka ji waƙa sai ya je Ƙofar Wambai ya saya, ko ya nemo rikoda mai baki biyu ya zauna minti sittin ko casa'in yana kwafa, in zaren ya harɗe ya sa biro ya lallaɓa shi. Wani kuma kati zai aika Rediyon Kaduna, ya yi makonni yana jiran a ambaci sunansa a Zaɓi Sonka, ya gaishe da mutum arba'in da waƙa guda. Wanda ya sha wannan wahala ba ya ba ka tarkace. Da Freedom Radio ta buɗe a nan Sharaɗa a ƙarshen 2003, wayar hannu ta fara yawa, sai gaisuwar ta koma ta baki. Daga nan bulutut ya zo, memori ya biyo baya, masu tura waƙa suka kafa kwamfutoci a Farm Centre da bakin kowace kasuwa, sai Xender, sai WhatsApp. Yanzu waƙa arba'in ake aika wa mutum guda, da ƙarfe biyun dare, a biyo da tambayar ko ya ji. Araha ce ta lalata mu. Amma tunda an riga an lalace, bari mu yi abin bisa ƙa'ida.

Baba mai gadi shi ne jarrabawa mafi tsauri. A wurinsa waƙa ta rasu ranar da Shata ya rasu a 1999, abin da ya biyo baya duk zaman makoki ne. Kada ka tunkare shi da "Baba, ga wata sabuwa." Zai dube ka, ya dubi wayar, ya tambaye ka ko kiɗan fiyano ne, sannan ya ce shi ma janaretan kamfani yana da amo. Ka fara binciken asalinsa. In Bakatsine ne, kalangun Shata ne ƙofar shiga. In daga Zamfara ko Sakkwato ya fito, yi maza ka koma kotso, ka ambaci Ɗanƙwairo da Narambaɗa, ka nuna kamar ba ka taɓa jin wani gari Musawa ba. Wani yaro ya taɓa tambayar mai gadinmu, mutumin Maradun, wai tsakanin Shata da Ɗanƙwairo wa ya fi. Da ƙarfe takwas na dare ya yi tambayar. Har aka kira assalatu Baba bai gama shimfiɗa ba, kuma ranar ko kare bai shiga kamfanin ba, don mai gadi bai runtsa ba.

In ka yi wata guda kana sauraron nasa, kana cewa "Allah ya jiƙan maza" a inda ya dace, sai ka lallaɓo da Aminu Ala ko Naziru Sarkin Waƙa, ka zaɓi ta sarauta. Zai yi shiru har ta ƙare, ya gyara hula, ya ce, "Yaron yana ƙoƙari." Kada ka nemi ƙari. A bakin Baba wannan ya fi digirin girmamawar da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata.

Yaran yanzu kuma matsalarsu daban. TikTok ya saba musu da waƙar daƙiƙa goma sha biyar, kai kuwa kana riƙe da Bakandamiya, wadda kafin a gama ta shayi ya huce an sake dafa wani. Kada ka ce masa waƙar gargajiya ce, kalmar kaɗai tana sa shi hamma. In mai son Classiq ne ko DJ AB, ce masa za ka nuna masa inda aka samo abin: kirari, zambo, habaici, cika baki, duk Ɗan Anace ya gama da su a kan Shago tun ba a haifi baban yaron ba. Masu lodin buhuna sun fi saurin kamuwa. Ka dai kula, na ga wanda ya ji Ɗan Anace sau biyu ya fara yi wa sufabaiza wani irin kallo. Yaran tirelolin da ke kwana a bakin ƙofar kamfani kuwa, ba su Karen Mota ta Ɗanmaraya Jos. Da kuntiginsa guda ya kare musu mutunci fiye da yadda iyayen gidansu suka taɓa yi, ba sai ka yi dogon bayani ba.

Sai baƙinmu na Sabon Gari, kuma a nan ne nake roƙon ka yi lissafi. Makanikenmu Inyamuri ne, mutumin kirki. Na kunna masa Haruna Uji na minti shida, ya saurara da ladabi har da cewa gurmin nan ya yi. Kashegari ya zo da Osadebe. Jama'a, waƙa ɗaya ta cinye hutun rana kaf, har na koma bakin inji ana kan gabatar da masu kiɗa. Mai gyaran wutarmu Bayarabe ya hango ana rabo, ya kawo fuji na Ayinde Barrister. Wani direba ɗan Filato ya ƙara da Don Williams. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: duk minti ɗaya da ka ci na kunnen wani, da riba za ka biya. Kuma kada ka ce za ka fassara musu Shata da Turancin Buroka. Na gwada. Da na gama sai makaniken ya ce, "To Oga, shi ke nan abin da ya faɗa?" Na rasa amsa, don ni ma da na ji shi a bakina sai na fara shakka.

Injiniyan Indiya, in kamfaninku na da shi, kada ka ɗauka ka samu ɗan'uwa. Wani dattijo a sashenmu, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a layin tikitin Plaza da Orion, ya tare sabon injiniya da waƙar Mohammed Rafi tun daga farko har ƙarshe, har da muryar macen. Yaron ya yi murmushi ya ce kakarsa ma tana son irin waɗannan. Dattijon bai sake gaishe shi ba. Har yau yana cewa ba cikakken Ba'indiye ba ne.

Akwai waƙoƙin da ba a turawa sai an yi istihara. Ta siyasa, dubi hular mutum tukuna, in ja ce ka san abin da za ka ɓoye, in ba ja ba ce ma ka san abin da za ka ɓoye. Ka kuma duba shekarar waƙar, domin waƙar siyasa ta fi madara saurin lalacewa. Wanda aka wasa a zaɓen 2015 wataƙila shi ake yi wa zambo yau, kuma da murya ɗaya. Ta bege, san masallacin da yake salla kafin ka kunna masa mandiri, in ba haka ba kai da ka zo ba da waƙa za ka koma gida da wa'azi uku a waya, kuma zai tambaye ka su.

Ta soyayya ita ce mai kai mutum gaban manya. Ka tura wa yarinyar sashen ƙunshe kaya waƙar Umar M. Shareef ko ta Nura M. Inuwa ka ce wai kiɗan ne ya burge ka, babu alƙalin da zai karɓi wannan. Wasiƙa ka aika, ka fara tanadin lefe. Kuma ka riƙa duba suna sau biyu kafin ka danna. A 2020, lokacin kullen korona da Jaruma ta Hamisu Breaker ta cika gari, wani abokina ya yi niyyar tura wa amaryarsa, ta faɗa wayar surukinsa. Tsohon bai ce komai ba sai da aka haɗu a wani suna, ya dube shi a gaban jama'a ya ce, "Malam, saƙo ya iso, Allah ya yi albarka." Abokina ya ce da ma marinsa ya yi.

Matan gida kuwa ba sa bukatar shawararka. In ka shigo ka tarar an saki Barmani Choge, ƙwarya na tashi, kada ka ce za ka taka. Zauna ka binciki laifinka.

Tunda kai ma za a turo maka, ga yadda ake kare kai. "Ta yi" na nufin ka ji rabi. "Ba laifi" na nufin ka ji farko. "Kai, mutumin nan ya iya" na nufin ko buɗewa ba ka yi ba, kana tattalin data. Haɗarin shi ne mai naci, wanda zai tsare ka ya ce wane baiti ne ya fi ratsa ka. Ce masa, "Wajen ƙarshen nan." In ta gargajiya ce, "Inda 'yan amshi suka karɓa." Ban taɓa faɗuwa da waɗannan biyu ba, sai sau ɗaya da abin da aka turo mini ya zama karatun tafsiri.

In ka bi duk wannan, ga abin da zai faru. Bayan wata uku, mutumin da ka ritsa a gaban kaskon ƙwai zai zo da sauri, ido na ƙyalli, ya ce, "Ɗan'uwa, tsaya in jiyar da kai wata waƙa, na san ba ka taɓa jin irinta ba." Taka ce. Zai rufe muryar mawaƙin da tasa, ya mayar da ita baya sau uku, ya yi maka bayanin da kai ka yi masa, har da kuskuren da ke ciki. Haɗiye. Ce masa ta yi.

Saura saƙo ɗaya. Akwai wanda ya ari memorina tun kafin ya koma aiki Bompai, ya ce kwana biyu zai yi da shi. A ciki akwai Sa'adu Bori na Maraɗi, da Lucky Dube, da Haruna Uji da na sha wuya kafin na tara. Na san inda yake shan shayi a Dakata, na kuma san lokacin da ake fasa masa ƙwai. Malam, riƙe memorin na yafe, turo mini Haruna Ujin kawai.