Ladubban Zama da Tsohon Babur

Ya kai ɗan'uwa mai karatu, idan Allah Ya ƙaddara maka mallakar babur karo na farko, kuma abin da ƙarfin aljihunka ya kai gare shi bai wuce tsoho ba, irin wanda ya ga jiya ya ga yau, ya ratsa hannun mutum uku ko huɗu kafin ya iso ƙofar gidanka, to, ina taya ka murna da zuciya ɗaya, sa'an nan ina roƙonka ka gyara zama ka saurari 'yar nasiha. Gama abin da kake zaton dukiya ce ka saya, a haƙiƙa dattijo ne ka shigo da shi gida, shi kuwa dattijo yana da haƙƙoƙi waɗanda ba a tauye su a kwana lafiya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne ɗan ƙanwata, wanda ya tara albashinsa na koyarwa wata da watanni ya sayi babur da ya girme shi, ya zo mini a kansa yana fara'a ran Juma'a, ya komo ran Asabar yana turawa.

Farkon ladabi shi ne sanin nasaba, domin ba ya kyautuwa ka zauna da babba ba ka san asalinsa ba. Mafi tsufa daga baburan da har yau ke numfashi a garuruwanmu sun shigo ne a zamanin kuɗin Udoji, wajen 1975, sa'ad da ma'aikatan gwamnati suka karɓi ƙarin albashi a dunƙule, malamin makaranta da akawu da malamin asibiti kowa ya jingine kekensa a zaure ya hau Honda ko Vespa, ko Suzuki ko Yamaha. Ita Vespa mutuniyar Italiya ce, an fara ƙera ta a 1946, ma'anar sunanta kuwa zanzaro, kuma duk wanda ya dubi ƙugunta ya saurari kukanta ya san ba a yi mata ƙarya ba. Roba-roba na Honda kuwa, wanda wasu samari ke rainawa, a 1958 aka haife shi a Japan, kuma kafin 2017 ta ƙare an ƙera fiye da miliyan 100 na zuriyarsa, saboda haka mai hawansa ya riƙa ɗaga kai, ɗan babban gida yake tafe da shi. In kuwa naka Jincheng ne, to, ka tausaya masa tun daga ranar farko, don mai yiwuwa ya yi shekaru yana acaɓa kafin a hana ta a Kano a 2013, ya ɗauki mai jego da buhun masara da ragon layya, wani lokaci duk a tafiya guda.

Sai ka sani baburan nan mazhaba biyu suke bi, kuma jahiltar wannan mas'ala ita ce ta fi kowace kashe inji. Akwai masu ƙona baƙin mai tare da fetur, kamar Suzuki 100 da Yamaha 100 da Jincheng da tsohuwar Vespa. Waɗannan hayaƙi ɗabi'arsu ce, ba cuta ba, kuma mansu na musamman ne, wanda ake rubuta 2T a jikin gorarsa, wasu a zuba musu a ƙaramin tanki na daban, wasu a gauraya shi cikin fetur. Ranar da man nan ya ƙare ba ka sani ba, ranar fistin zai kama, babur ya tsaya cak a tsakiyar titi ba sallama. Akwai kuma masu ajiye baƙin mansu a ciki ana juye shi lokaci zuwa lokaci, irin su Honda; su kuwa in ka ga shuɗin hayaƙi yana bin bayansu, ringi ne ya cinye, sai ka fara tanadi.

Ga wanda bai riga ya biya ba, ina da kalma guda game da dillali. Dillali mutumin kirki ne mai neman halalinsa, sai dai la'adarsa tana cikin sallamawa, saboda haka kowane babur a bakinsa na wani Alhaji ne da ba ya hawa sai zuwa masallacin Juma'a. Ka je masa da sassafe ba tare da sanarwa ba, ka ɗora tafin hannunka a kan inji kafin a tayar. In ka ji da ɗumi, an riga ka ne an lallashi dattijon, ka ce za ka komo gobe. Ka duƙa ka dubi ƙasa inda ya kwana ko akwai ɗigon mai, ka gwada lambar inji da ta jiki da abin da ke rubuce a takarda harafi bayan harafi, a kuma rubuta muku shaidar ciniki gaban shaidu biyu, domin babur ɗin sata ba ya faɗa wa kowa tarihinsa sai a ofishin 'yan sanda.

To, yanzu ga shi a zaurenka, gari ya waye, hunturu ya sauko, hazo ya rufe unguwa. A nan ake gane mai tarbiyya. Sabon mahayi yakan fito a makare, ya faɗa kan babur ya yi ta zabga masa kik kamar mai bin bashi, ya murɗe totur har ƙarshe, fetur ya cika inji ya jiƙa filogi, shi ya jiƙe da gumi, maƙwabta su leƙo. Ba haka ake ta da dattijo daga barci ba. Ka buɗe famfon mai, ka tabbatar giya tana firi, ka ja cok, ka taka kik a hankali sau biyu ko uku makulli yana kashe, tamkar mai ƙwanƙwasa ƙofa. Sa'an nan ka kunna makulli, ka yi bismilla, ka ba shi bugu ɗaya cikakke tun daga sama har ƙasa. In ya amsa, ka bar shi ya yi gyaran murya minti biyu, ka mai da cok, man ya zaga ko'ina, kafin ka ɗora masa nauyinka. Kowane tsohon babur yana da tasa hanyar tashi da ba ta kama da ta wani, wani yana son a taɓa totur kaɗan, wani ko kallonsa aka yi ya yi fushi, kuma wannan ilmi ba a samunsa a littafi sai da zama.

Farillan kula da shi ba su da yawa, amma babbansu baƙin mai ne. Tsohon inji yana son juye kamar bayan kowane kilomita 1000, sai dai da yake agogon lissafin tafiya a irin waɗannan babura ya daɗe da riga mu gidan gaskiya, shawarata ita ce ka ɗaura abin da tsayuwar wata: ranar da aka ce an ga wata, washegari ka yi juye. Kada ka yarda da man da aka auno maka daga jarkar da ba suna, ko da an rantse maka, gama araha ba ta ado, balle ta yi inji. Bayan mai sai soson da ke tace iska, wanda ƙurar hunturu ke toshewa cikin 'yan makonni, babur ya riƙa shan fetur kamar raƙumi yana tafiya kamar jaki; a ciro shi a wanke da kananzir, a matse, a ɗiga masa mai kaɗan a mayar. Ita kuwa sarƙa, ka taɓa ta da yatsa a tsakiya, ta yi wasa sama da ƙasa kamar santimita 2 zuwa 3. In ta fi haka za ta zame maka a gaban surukai, in ta ɗaure tamau za ta ci haƙoran da take hawa. Ranar da za a canja ta, a canja ta tare da haƙoran gaba da na baya, don sabuwar sarƙa ba ta zaman aure da tsohon haƙori.

Amma abin da na fi so ka ƙware a kansa shi ne karatun filogi, domin shi ne harshen da likita ke cewa a fito da shi. Ka kwance shi ka dubi bakinsa a cikin haske. In ka gan shi ruwan ƙasa kamar gyaɗar da aka soya daidai, alhamdu lillahi, cikin dattijo lafiya lau. In baƙi ne ƙirin da kunkunniya, fetur ya yi yawa iska ta yi kaɗan, ka koma ga soso da kafireta. In ya yi fari fat kamar toka, yunwa inji ke ji yana kuma zafi, wannan kuwa ya fi baƙin haɗari. In ya fito a jiƙe da mai yana naso, to, magana ta wuce filogi. Na ga wannan karatu da idona ranar da muka tura babur ɗin ɗan ƙanwata zuwa wurin wani tsohon bakanike da ke zaune gindin dalbejiya, mutum mai ƙarancin magana, wanda bai taɓa ko sifana ba sai da ya sa yaronsa ya taka kik, shi kuwa ya kafa bakin sukudireba a jikin inji, ya ɗora kunnensa a kan ƙotar, ya lumshe ido kamar mai sauraron karatun almajiri yana jiran inda zai yi tuntuɓe. Daga nan ya kwance filogi ya shinshina, ya buɗe ƙasan kafireta ya tsiyaye abin da ke ciki a tafin hannunsa, ya nuna mana: ruwa ne da jan garin tsatsa, daga tanki suka gangaro. Ya wanke, ya hura, ya mayar, bugu ɗaya babur ya tashi, abin da ya karɓa kuwa bai kai kuɗin abincin rana ba. Irin wannan bakanike za ka nema, mai saurare kafin kwancewa. Wanda kuwa tun kana nesa ya ce sai an sauke inji, ka gaishe shi da aiki ka wuce. In ka samu nagari ka riƙe shi kamar limamin unguwa, kada ka yi ta yawo da dattijo gareji gareji, kowa ya taɓa ya bar nasa ra'ayi a ciki. Kuma idan aka aike ka Ƙofar Ruwa ko Panteka neman kayan gyara, ka tafi da tsohon a aljihu ka gwada, gama suna ɗaya yake, kama ce ta bambanta.

Maganar tsatsa ta kawo mu ga fetur. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, mutane suka koma sayen lita ɗaya ɗaya, tanki kullum a bushe, shi kuwa busasshen tanki gumi yake yi daga ciki ya haifi tsatsa. Ka riƙa cika shi gwargwadon iko. In lalura ta kai ka ga 'yan bumburutu, ka ɗaga kwalbar ka duba ta a rana, ka sa a tace da ƙyalle mai tsabta. Famfon mai kuma yana da wurin ajiya da ake kira rizab, wanda rahama ce ga matafiyi. Amma duk wanda ya juya zuwa gare shi ya sha mai bai mayar ba, ya cinye guzurinsa tun a gida, ranar da babur ya yi shiru kuwa ba sauran wurin juyawa.

Duk da haka wata rana za ka tura, wannan ba makawa, kuma ba abin kunya ba ne. Ka lura da hikimar harshenmu, da ya ba mai babur kalma guda ta ishe shi rayuwa: da taya ya saye shi wurin dillali, a kan taya yake tafiya, ranar da ya mutu masa kuwa sai ya nemi mai taya shi turi. Domin rage irin wannan rana, kada ka fita ba filogi na ajiya da abin kwance shi, da filaya, da 'yar waya, da tsumma, da canjin mai faci a aljihun da ba ka taɓawa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Saura abin da ba na yi maka raha a kansa. Birkin tsohon babur ba ya kama kamar na sabo, saboda haka ka bar tazara, ka saba da haɗa na hannu da na ƙafa tare, ka ji tsoron yashi a kan kwana da akuya a bakin hanya, don ita ba ta yanke shawara sai ka iso. In ka sa babbar riga ka tattare ta ka zauna a kai, in ka goya iyali ka tabbatar an naɗe hijabi da gefen zane, gama sarƙa da ƙafar baya sun jawo mata da yawa ƙasa ta wannan hanya. Ka kuma gargaɗi yara game da salansa, wanda tambarinsa ba ya gogewa a ƙwauri. Sa'ad da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa hular kwano ran 1 ga Janairu 2009, an ga masu babura sun kifa ƙwarya a ka don su wuce jami'ai, aka yi ta dariya har a gidajen rediyon ƙetare; amma na sha zuwa dubiya sashen ƙashi na asibiti, ban ga mai dariya a can ba. Kan babur ana samunsa a kasuwa, naka kuwa guda ɗaya aka ba ka amana.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka sayi sabon madubi ko rigar kujera mai geza, ka sayi hular kwano biyu, ɗaya taka ɗaya ta wanda za ka goya, ka kuma ɗaure igiyarta a ƙarƙashin haɓa kafin ka taka kik.