Alhaji, Kada a Tura Ta Tukuna

A unguwarmu, idan mota ta mutu a tsakiyar titi, kafin mai ita ya gama ɗaga bonet an kewaye shi. Mai shayi ya baro tukunyarsa, 'yan majalisa sun taso daga kan benci, mai adaidaita sahu ya faka a gefe. Wannan ya ce batir ne, wancan ya ce famfon mai ne, wani ya ce a kawo waya a ba ta wuta. Daga ƙarshe magana ɗaya ce take rinjaye: "Alhaji, shiga ka sa ta a giya biyu mu tura." Idan kuwa otomatik ce, sai a ce, "Ƙara ba ta ki, ta kusa kamawa." Ina son wannan halin namu ƙwarai, ba ma barin mutum shi kaɗai a rana. Sai dai akwai wata mutuwar mota da turin nan da murɗa makullin nan suke ƙara wa ciwo, wato idan sarƙar taimin ta tsallake haƙori ko ta tsinke.

Abin da ke faruwa a ciki ba ɓoyayye ba ne. Karanshaf yana ƙasa yana hawa da fistin yana sauke shi, kamshaf yana sama yana buɗe bawul yana rufewa. Sarƙa ce ta ɗaure su, na ƙasa ya zagaya sau 2, na sama sau 1. A yawancin injinan yanzu, inda fistin yake kaiwa idan ya hau, nan ne bawul yake leƙowa idan ya buɗe, lokaci ne kaɗai ya raba su. Kamar lugude ne a turmi ɗaya, taɓaryar wannan tana sauka ta waccan tana sama. Da zarar ɗaya ta kuskure bugu, sai karo. Fistin ya daki kan bawul, ƙafar bawul siririya ce, sai ta lanƙwashe. Duk juyin da aka ƙara wa injin bayan nan, wani bawul ɗin da ya tsira yana iya shiga layi.

Da dalilin da ya sa muka raina abin. Camry mai injin 2.2 ta ƙarshen shekarun 1990, wadda ta cika garuruwanmu, bel take amfani da shi, kuma fistin ɗinta ba ya kai wa bawul. Bel ya tsinke, a sa sabo, a daidaita maki, ka kama hanya. Mutane da yawa a kanta suka koyi darasi, suka ɗauka kowace mota haka take. Accord ta 2003 mai silinda 4 ba haka take ba. Sarƙa gare ta, kuma idan taimin ya goce sosai, karo ba makawa.

Ga kuma maganar da muke yawan yi, wai sarƙa ba ta tsinkewa, har abada ce. Gaskiya ba kasafai take tsinkewa ba, amma tana cinyewa a gaɓoɓinta har ta ƙara tsawo. Abin da yake ɗame ta da ƙarfin baƙin mai yake aiki, sandunan da take gogawa a kansu kuma roba ce mai tauri. Mu kuwa mun san yadda muke da baƙin mai. Sai ya yi kauri ya yi baƙi ƙirin muke tunawa da shi, wani lokaci ma na jarka ne a bakin titi, ga zafin Maris da Afrilu da yake haura digiri 40, ga ƙurar hunturu. Injin yana ba da sanarwa tun da wuri. Da safe ka tayar, ka ji kacau-kacau daga gaban inji na 'yan daƙiƙu, sai ya yi shiru. Mu ce, "Sanyi ne, in ta ɗumama za ta daina." Fitilar inji ta kama a dashbod, wani ya liƙa mata sitika, wani ya sa a cire ƙwan. Da an sa na'ura, sau da yawa lambar P0016 za ta fito, ma'anarta na sama da na ƙasa sun daina tafiya tare.

Ranar da abin ya faru, kunne ya isa shaida ta farko. Lafiyayyen inji idan ana ba shi ki za ka ji yana nishi, yana hawa yana sauka. Wanda taimin ya gudu, da sauri yake juyawa, sakayau, ba abin da yake tare shi. Ka ji wannan sautin, zare makulli.

To an ja ta zuwa gareji, nan kuma sai hali na biyu. Wani bakanike daga jin labari zai ce, "Oga, injin nan ya gama, a tafi kasuwar Ƙofar Ruwa a ɗauko ɗan Kwatano." Wani ya ce, "Ba komai, sarƙa kawai za mu sa." Dukansu sun yanke hukunci ba su binciki komai ba. Na farko yana iya jefar da injin da bawul biyu kawai yake nema. Na biyu zai haɗa komai, a tayar, mota tana rawa tana tari, a sake kwancewa, a sake biya.

Ku je ku ga dattijon bakanike wanda ya san aikinsa. Ba ya taɓa makulli. Sai ya sa yaro ya cire filogi duka, ya buɗe murfin saman inji, ya sa soket a kan babban ƙusar karanshaf ya juya da hannu a hankali. Idan ƙasa yana juyawa sama yana tsaye, sarƙa ta tsinke ko ta sauka. Idan duka suna tafiya, sai ya kai fistin na farko sama ya duba maki, ya ƙirga haƙoran da aka tsallake. Da ya ji hannunsa ya tokare, sai ya tsaya cak, ba ya dannawa. Ƙarfe ne ya haɗu da ƙarfe.

Daga nan sai ya bi bawul ɗaya bayan ɗaya da ido da ma'aunin tazara. Lanƙwasasshen bawul ba ya komawa mazauninsa, don haka ƙarshen ƙafarsa yana zama ƙasa da na 'yan uwansa, tazararsa ta yi faɗi. Yanzu kuma akwai 'yar kyamara mai dogon waya da ake haɗawa da wayar hannu, a zura ta ramin filogi. Saman fistin baƙi ne da hayaƙi, idan bawul ya dake shi za ka ga sabon tabo mai lanƙwasa yana ƙyalli. A lura dai, wasu fistin daga kamfani aka yanka musu gurbi, wannan a gyare yake, kuma iri ɗaya ne a duk silinda.

Inda muke yawan ruɗewa shi ne awon matsi. A sa geji, a ba ta ki, allura ta ƙi motsi, sai a ce bawul duka sun tafi. Alhali idan taimin ba daidai yake ba, lafiyayyen bawul ma a buɗe yake lokacin da ya kamata ya rufe, dole awo ya faɗi. Ga shi kuma an sake juya injin da ƙarfin batir. Gwajin da yake faɗin gaskiya shi ne na hura iska. A tabbatar bawul na silindar sun rufu duka, ko da sai an kwance kamshaf, sannan a tura iska ta ramin filogi. Wanda ba shi da na'urar wannan gwajin, tsohon filogi yake fasawa, ya kai wa mai walda ya haɗa masa bakin tiyo, ya ari injin iskar mai faci. Sai a kasa kunne. Iska tana fita ta hanyar shan iska, bawul na shiga ne. Tana huci ta salansa, na fitar hayaƙi ne. Ta bakin zuba baƙin mai, ringi ne. Ruwan lagireto yana kumfa, gasket ne ko kan injin ya tsage. Mai na'urar kuma yana da lissafi, yoyon da bai kai kashi 10 cikin 100 ba lafiya ne, wanda ya haura 30 akwai magana.

Idan an tabbatar, sai a sauke kan inji. A kwantar da shi, a zuba kananzir a ramukansa, inda ya tsiyayo nan ne ciwon. A zare bawul a mirgina shi a kan gilashi, mai lanƙwasa zai riƙa ɗingishi. A nan ina roƙon 'yan uwana bakanikai, a bar miƙe bawul da guduma. Ƙarfen ya riga ya ji rauni, ranar da kansa ya ɓalle ya faɗa kan fistin ana gudu a hanyar Zariya, injin gaba ɗaya zai tafi. A sa sabo, a duba hanyar da yake zirga-zirga a ciki ko ta tsage, a canza sil, a yi garambawul da kyau har ya zauna daram. Sarƙa da abin ɗame ta da robobinta da haƙoranta tare ake canza su. A kuma sauke kaskon baƙin mai na ƙasa, don gutsattsarin roba can suke taruwa su toshe rariyar famfo. Bayan an haɗa, a juya da hannu sau 2 a sake duba maki kafin a taɓa makulli.

Laifin ba na gareji kaɗai ba ne. Mu masu mota ba ma son biyan kuɗin bincike. Mutum ya yini yana saurare yana aunawa, mu ce ai bai yi komai ba tunda bai kwance ba, mu miƙa masa kuɗin ruwa. Shi ya sa da yawansu suke gaggawar kwancewa ko su tura mu kasuwa, can ne ladansu yake. Don Allah, ranar da motarka ta mutu ka ji ki yana juyawa sakayau, ka gode wa masu son turawa, ka nemi igiya a ja ta. A gareji ka ce a juya da hannu, a hura iska, a nuna maka silindar da take yoyo, kuma ka biya mai binciken haƙƙinsa cikakke kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya.