Jikan Wanzami a Gaban Shinge

A shekarar da na ajiye alli, bayan na cika shekara 35 ina koyar da nahawun Hausa a makarantun Kaduna, sai na tsinci kaina cikin halin nan da duk wanda ya taɓa jiran fansho ya san ɗacinsa, wato ga lafiya, ga lokaci, ga iyali, amma aljihu kamar an bi shi da tsintsiya. Kullum da hantsi nakan tafi Unguwar Rimi wurin wani aminina da ke gadin wani gida, mu shimfiɗa tabarma a gindin darbejiya mu yi ta warware matsalolin duniya waɗanda ba wanda ya ɗora mana, kuma a nan ne Shaiɗan, Allah Ya tsare mu daga sharrinsa, ya tarar da ni ba aikin yi, ya samar mini.

Akwai wani tsoho gadina da ke zuwa gidan da ke kallonmu sau biyu a wata. Yakan jingine kekensa, ya kafa turaku, ya ja igiya, ya ɗauki wani dogon almakashi ya yi ta ƙyas-ƙyas cikin natsuwa kamar mai jan carbi, kafin azahar sai ka ga shinge ya miƙe sambal tamkar an zuba shi da kwano. Ranar da na ga uwargidan gidan ta ƙirga masa ladansa, na bi takardun da ido daga inda nake zaune na ga sun isa cefanen mako guda, ranar ce zuciyata ta fara yi mini huɗuba.

Ni dai mutumin karkara ne, kuma a garinmu shinge ba abin ado ba ne. Aguwa ake dasawa a gefen burtali don kada shanu su faɗa gona, bini-da-zugu a kewaye garka, lalle a bayan ɗakin mata, kuma ban taɓa jin an ɗauki mutum an biya shi don ya yi wa aguwa kwalliya ba, balle ma ruwanta in ya faɗa ido sai an yi jinya. Shingen ƙawa Turawa ne suka kawo mana shi, tun da suka taso da hedkwatarsu daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917 suka yanka wa kansu manyan filaye. Da suka tashi tafiya suka bar mana shingen, suka bar mana kalmar gadina. Su kam abin ya shiga jininsu, domin na karanta cewa a fadar Hamton Kot ta Ingila akwai wani shinge mai lunguna da aka dasa wajen 1690, har yau ana yi masa saisaye, mutane kuma suna biyan kuɗi su shiga su ɓace a ciki. Allah ɗaya, gari bamban.

To, da yake na ɗan zauna gaban malamai a zaure, ban yarda in afka wa sana'a da ka ba, sai da na kafa hujja ta hanyar ƙiyasi. Na ce kakana na wajen uwa wanzami ne, har yau zabirarsa tana rataye a ɗakin kawuna. Asali shi ne kan ɗan Adam, reshe shi ne shinge, illar da ta haɗa su kuwa ita ce kowannensu yana tofo, ana rage shi, ya sake tofowa. Saboda haka hukuncin da ya hau kan wancan ya hau kan wannan, jikan wanzami kuwa gado zai ci, ba karambani ba. Da na karanta wa uwargida wannan fatawa, sai ta ɗago kai daga tsince shinkafa ta ce, "Malam, kai da ko gashin bakinka sai ka je an daidaita maka?" Na ce mata wannan mas'ala ce ta usulu, ba ta madafa ba. Washegari na sayo almakashi na hannu a Kasuwar Barci, na kai Panteka aka wasa shi, na kuma sa aka rubuta mini allo mai cewa ga ƙwararren mai askin shinge, gidaje da ma'aikatu.

Ba a yi kwana goma ba sai ga wani tsohon ɗalibina, wanda ya zama manajan wani masaukin baƙi, ya zo har gida ya durƙusa ya gaishe ni. Ya ce gadinansu ya tafi Zariya ta'aziyyar ƙaninsa, ga ruwan Agusta ya sa shinge ya yi buzu-buzu, ga shi ranar Asabar Alhaji mai masaukin zai aurar da 'yarsa, dangin ango daga Katsina kuma a nan za a sauke su. Ya ce, "Malam, ban san kun iya wannan aiki ba." Na ce, "Ɗana, ba duk abin da malami ya sani yake rubutawa a allo ba." Kunya ta hana shi ƙara tambaya, ya ba ni rabin kuɗi kafin alƙalami, na karɓa da hannu biyu.

Shingen na wata shuka ce mai ganye ruwan ɗorawa, wadda masana ke kira duranta, masu sayar da fulawa a bakin titi kuwa su ce mata yalo-bush. Tsawonsa taku 60 ne, tsayinsa ya kawo mini ƙirji, kuma a bakin ƙofa, kan wani ɗan tudu mai fuskantar titi, an dasa irin wannan shuka an sarrafa ta ta zama manyan haruffa masu cewa BARKA DA ZUWA.

Ranar Alhamis da sassafe na yi bismilla na kama. Turaku da igiyar nan da na ga tsoho yana wahala da su, na ɗauke su a kan raunin ido ne irin na tsufa, don haka ban nemi ko ɗaya ba. Na faro daga gabas na dire a yamma, na ja da baya na duba, sai na ga yamma ta fi gabas gajarta da kamar taƙi guda. Na koma na rage gabas don a yi adalci, na sake ja da baya, sai na ga yanzu gabas ce aka zalunta, tsakiya kuma ta yi tozo kamar bijimi. Na sauke tozon, sai gefunan biyu suka taso suna harararta. Haka na yi ta sulhu tsakanin ɓangarori uku, kowane sulhu kuma a jikin shinge ake yankarsa, har abin da ya kawo mini ƙirji da safe ya koma cibiya da azahar, da la'asar kuwa akwai wuraren da gwiwata ke leƙa su. Garin neman gira dai aka soma taɓa ido.

Gefuna kuma na bi su da ƙa'idar kakana, wato a kwashe ƙeya a bar tukku, sai ƙasa ta tsuke sama ta baje kamar an kafa jerin lema. Abin da ban sani ba shi ne, koren nan da ake gani fata ce kawai wadda kaurinta bai wuce tafin hannu ba, cikinta kuwa ƙirare ne tsirara. Da almakashi ya zarce a wani wuri sai ga taga ta buɗe, mai wucewa a titi yana hango bayan kicin, da masu figar kaji, da zannuwan gado a kan igiya. Kuku ya leƙo ta ciki ya ce, "Sannu da aiki, Malam. Shekarata shida a nan, yau na fara ganin titi."

Ranar Juma'a aski ya zo gaban goshi, wato haruffa. Hannuwana sun yi bororo, kafaɗuna kamar an yi mini dukan sakwara, sai na yanke shawarar in yi hayar injin aski mai shan fetur daga wurin wani saurayi mai sayar da fulawa. Yaron ya yi mini wasiyya biyu: in gauraya baƙin mai kashi 1 cikin fetur kashi 50, in kuma bubbuga kowace shuka da doguwar sanda kafin in kusance ta. Ta farko na riƙe ta domin lissafi ce, ta biyu kuwa na jefa ta cikin babin camfi. Na yi wa B aski ta fito ba laifi, sai dai ta rame. A ma ta tsira da mutuncinta. Da na zo kan R na cusa bakin injin cikin ƙundunta, wurin da ya zagaye, ashe a nan ne rina suka kafa daularsu tun farkon damina.

Ta farko a fatar ido ta sauka, ta biyu a kunne, ta uku kuwa har yau ban san yadda ta shiga ƙarƙashin hula ba. Mai hankali zai saki injin ya ruga, amma ni yatsana ya ƙage a kan kunamarsa, sai na shiga kai sara hagu da dama kamar barde a fagen fama, ina salati da ƙarfi injin yana amsawa, kuma ban sami rina ko ɗaya ba, R kuwa ban kuskure ta ko sau ɗaya ba. Da na ga rundunar ta fi ƙarfina na yar da makami na zura da gudu, na tsallake shingen jiya ba tare da ko gefen rigata ya taɓa shi ba, a nan kaɗai na ga fa'idar gajartar da na yi masa, na faɗa kicin, kuku ya rufe ƙofa ya shiga goga mini albasa yana dariya har da hawaye.

Ana saukowa daga masallaci sai ga motar Alhaji, tare da baffan ango wanda ya riga jama'arsa isowa don ya ga masauki, mutumin da, kamar yadda na ji daga baya, ba a daɗe da gama kai ruwa rana da shi a kan kayan lefe ba. Ya sauko ya gyara babbar riga, ya tsaya gaban tudun nan, ya karanta a hankali da murya irin ta mai wa'azi: "BA… KA DA ZUWA." Ya juya ya ce, "Alhaji, ai da ka faɗa mini ta waya, da ban ƙona mai tun daga Katsina ba." Ni kuwa ina tsaye daga gefe da ido ɗaya a kumbure, kuma ina roƙon Allah gafara a kan abin da ya fara zo mini a rai, domin farin ciki ne: shekara 35 ina fama da yara su raba "ba" da "ka" a rubutu, ga shi yau an raba su a bainar jama'a, tazarar kuma daidai wa daida.

Bayan la'asar aka zauna a gaban limamin masallacin unguwa. Na kare kaina da abin da na tuna daga Risala ta Ibn Abi Zaid, cewa lamunin da ke kan masu sana'a ya shafi abin da suka tafi da shi bayan idon mai shi ne, ni kuwa a harabar Alhaji na yi aikina, rana tsaka, gaban shaidu. Liman ya saurare ni har na dasa aya, sa'an nan ya ce karatun daidai ne, sai dai babin na masu sana'a ne, shi kuwa ya zagaya shingen bai ga alamar wani mai sana'a ya bi ta wurin ba. Abin da ya gani jahilci ne murakkabi, na wanda bai sani ba kuma bai san bai sani ba, ga allo kuma ya rubuta ya ruɗi jama'a. Aka yanke in mayar da kafin alƙalami, in kuma yi wa gadinan masaukin hidima kyauta har R ta dawo. Ranar biki motar amarya aka girke a gaban tudun tun safe har dare.

Ranar Lahadi gadina ya dawo, ashe tsohon nan ne mai keke. Ya bi shingen daga gabas zuwa yamma hannu a baya, bai ce uffan ba, sai da ya zo kan kututturen R ya tambayi maigadi ko awaki ne suka shigo. Aka ce a'a, malamin makaranta ne. Ya ce, "Na yi mamaki, don akuya inda bakinta ya kai take tsayawa, aikinta yakan fito bai ɗaya." Da aka ba shi labarin abin da ya kore ni, sai ya ce dama an san a rina.

Tun daga ranar nake bin sa da bokiti. A wurinsa na ji cewa ƙasan shinge ake bari ya fi samansa faɗi, don rana ta sami ganyen ƙasa, in ba haka ba su zube a bar ƙafafu tsirara. Cewa da damina kaɗan-kaɗan ake ɗauka duk mako biyu, da hunturu kuwa a sassauta hannu a ƙara ban ruwa. Cewa ba a aski da tsakar rana don sabon ganyen da aka tone yakan ƙone. Sanda kuma ba don rina kaɗai ba ce, har da maciji da tsuntsuwar da ke kwanci. 'Ya'yan shukar masu kama da ƙananan duwatsun wuya yakan tsinke su ya binne, ya ce dafi ne, kada yaran baƙi su kai baki. Ya zuba wa kututturen taki, ya barbaɗa toka saboda gara, ya ce tun da saiwa na da rai a bar ta da Mai ita.

Yau mako bakwai ke nan. Allon nan nawa uwargida ta mai da shi murfin akurki, kuma an ɗaga darajata daga bokiti zuwa riƙe bakin igiya. Jiya na ce, "Baba, yaushe za a ba ni almakashi?" Ya dubi tudun ya ce, "Malam, sai ta yi ƙafa." Gaskiyarsa kuwa, domin sandar harafin ta tofo, ƙundun ma ya rufe, ƙafar gaba ce ta ƙi fitowa, har yanzu abin da ke tsaye tsakanin A da K shi ne P, harafin da ko a abacadar Hausa babu shi.